Gemun Malam da Hannun Inna

Badi'a 'yar Gammo ce, can ƙasar Kabo, kuma kafin aure ya kawo ta Gwarzo da zanen lalle aka san ta. Mijinta Tasi'u yana da shagon hoto kusa da kasuwa. Mutumin kirki ne, sai dai gaggawa gare shi kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Shi dai ya danna maɓalli, kwamfuta ta cire bayan hoto, ya buga ya miƙa. Ni maƙwabciyarsu ce, kuma na sha gaya masa maɓallin nan zai kunyata shi wata rana.

Inna Marka ce ta zo da ranar. Matar marigayi Malam Jibirin ce, mai makarantar allo a garin Jama'a. Malam ba ya son hoto, sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukarsa, a wata saukar karatu, yana zaune cikin ɗalibai a gaban farin bangon zaurensa. Inna kuwa ganinta sai raguwa yake. Ta ce a fitar mata da Malam daga cikin taron, a yi shi babba, ta kalle shi tun tana iya gani.

Tasi'u ya danna. Farin gemu a jikin farin bango, kwamfuta ta kasa bambancewa, ta kwashe su tare. Da ya buga hoton, Inna ta kai takardar dab da hancinta, ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗan nan, wane wanzamin ne ya aske Malam? Ko mutuwa ma da gemunsa ta ɗauke shi."

Wallahi dariya ta kusa ƙwace mini, amma da na ga idon tsohuwar sai tausayi ya kama ni.

Badi'a ta ce a bar mata aikin. Dama idan Tasi'u ya tafi ɗaukar biki ita ke zama a shagon, a nan ta koyi wata dabara da ta raɗa wa suna mayafi. Wani shafi ne ake ɗora wa hoto: inda ka shafa baƙi ya ɓuya, inda ka shafa fari ya bayyana, shi kuwa hoton yana ƙasa ba abin da ya taɓa shi. Ta ƙara girman hoton har gashin gemun ya koma kamar tsintsiya, ta rage kan buroshin da ake shafawa da shi a kwamfutar, ta dinga bin sili-sili tana riƙe numfashi yadda take yi a hannun amarya. Kwana da kwanaki, daga Azahar zuwa La'asar, ko gaisuwata da kai take amsawa. Ta rufe ɗaliban, ta rufe bangon, ta rufe har wani hannu da ya leƙo daga ƙofar zaure kusa da kafaɗar Malam.

Inna ta dawo. Ta shafa gemun da yatsa ta ce, "Yawwa, Malam ne." Har mun fara murna sai ta ce, "To ina hannun?"

"Wane hannu, Inna?" in ji Badi'a.

"Nawa mana. Carbinsa ya manta, na miƙo masa ta bayan ƙyaure. Duk duniya nan kaɗai muka fito tare."

Tasi'u ya dafe kai ya ce, "Inna, ai an riga an goge."

Badi'a ta ce, "Ba a goge ba, rufewa na yi. Inna, matso ki gani."

Ta mayar da buroshin fari, ta fara shafawa. Yatsu suka fito ɗaya bayan ɗaya, sai carbin, sai jan lalle har wuyan hannu, irin na zunguru da matan zamanin da suke yi. Inna Marka ta rangaɗa guɗa a tsakiyar shagon, har masu facin taya suka leƙo.

Yau Tasi'u ba ya danna maɓallin nan sai ya kira matarsa, kuma daga Kabo ake kawo mata tsofaffin hotuna. Inna kuwa idonta ya rufe bayan damina. Amma duk baƙon da ya shiga ɗakinta sai ta kama yatsansa ta ɗora a kan hannun nan na jikin hoton, kuma ba ta taɓa kuskuren wurin ba.