Ƙofar Masauki

Shekarun baya kaɗan, muka samu sanarwa cewa za a rushe layinmu a unguwar Hindawiyya. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Kakana ne ya gina gidan. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zuwa hajji, bayan hajjin ya zauna a nan, ya tayar da ɗaki biyu, ya haɗa ƙofa da katakon akwatunan da ake zubarwa a bakin teku. Amma bai taɓa yarda a kira wurin gida ba. Masauki yake cewa, wai gida yana can, za a koma. Har ya rasu bai koma ba. Mahaifiyata a ciki aka haife ta, ita ma masauki ta tashi tana cewa, mu ma muka gada.

Na riƙa zagaye ɗakunan da waya ina ɗaukar hoton bango, har da tsagar da ƙadangare ke shiga. In fita, in dawo, in sake ɗauka. Mahaifiyata kuwa tana ta naɗe kayanta hankali kwance.

Na ce, "Umma, ko a jikinki?"

Ta ce, "Masauki ne, dama tashi za a yi. Halas, magana ta ƙare."

Maganar ta ƙona min rai. Bango dai ba ya ɗaukuwa, sai na ƙwallafa rai a kan ƙofar. Na cire ta da kaina, na kusa rasa babban yatsa.

Ranar tashi, direban motar kaya ya cika bayanta taf, ya ce saura wurin abu ɗaya, ko firji ko ƙofa. Ƙanena ya ce, "Yalla, a yi sauri, firji mana, wa zai ci katako?" Gaskiyarsa ce kuwa. Umma ta riga ta shiga gaban mota. Sai ta leƙo ta taga.

"Ku bar firjin. Ku ɗauko min ƙofar gidanmu."

Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba sai ranar.

Yanzu ƙofar tana jingine a falonmu na unguwar Sharafiyya, inda muka koma, ba ta buɗe komai, kullum sai na yi tuntuɓe da ita. Har yau in na bi ta tsohon layin, ƙirjina ba ya natsuwa. Jikokin Umma kan tambaye ta ƙofar ina ce wannan. Takan dafa ta, ta ce ta gida ce.