Algaitar da Na Kulle a Akwati

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ina tsakar gida da matata da babban ɗana, baffana ƙanen mahaifina ya yi sallama. Lokacin ina tsaron ƙofar wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Zinder, ni mutum ne mai doka, ba a yin abu a gidana sai da izinina. Asalinmu Barebari ne daga wani ƙauye can gabas kusa da Tafkin Chadi, kuma gidan mabusa algaita ne. Mahaifina ya bar sana'ar ya zo birni, ni kuma na ɓoye wa maƙwabta wannan asali, don kada a kira 'ya'yana jikokin maroƙa.

Baffa ya zo ne daga shi sai rigar jikinsa da algaita a hammata. Ya ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen, sun tara ganguna a dandali sun cinna musu wuta, sannan suka harbe makaɗa biyu abokan aikinsa. Ya ce kowane gida a ƙauyen yana da takensa, wato busar da ake yi masa ranar suna da ranar aure, kuma yanzu shi kaɗai ya rage da ya san su duka.

Ga abin da na yi, bi da bi. Da farko na hana shi busa a gidana. Da na tarar yana nuna wa ɗana yadda ake cika kumatu da iska, na daka wa yaron tsawa na ce karatu na sa shi. Baffa ya yi dariya, ya ce mini ɗana, kai ma da wannan busa aka raɗa maka suna, kuma ka fi algaitar ƙara a ranar. Ban yi dariya ba. Na karɓe ta na kulle a akwatin ƙarfe.

Ya zauna damina ɗaya kamar kurma. Da ya ji an ce hanya ta buɗe, ya ce zai koma ya tono wata ganga da ya binne, in ba shi algaitarsa. Na ƙi, ina ganin ba zai tafi ya bar ta ba. Ya tafi. An tare motarsu a hanya, ko gawarsa ba mu gani ba.

Bana na aurar da 'yata. Tsoffin garinmu da ke gudun hijira suka zo, wata tsohuwa ta ce a busa taken gidanmu kafin a fita da amarya. Na ciro algaitar na miƙa wa wani mabushi na nan, ya jujjuya ta ya tambaye ni yaya taken yake. Ban sani ba. Tsohuwar ta fara rerawa da baki, ta kai rabi ta manta, ta fashe da kuka.

Ina fushi da waɗanda suka ƙone ganguna suka kashe bayin Allah, ban yafe musu ba. Amma su sun bar mutum ɗaya da ya sani, ni na rufe masa baki. Wanda yaƙi ya koro masa tsoho, ya zauna ya saurare shi tun yana da rai.

Roƙona ɗaya ne. Baffa ya yi busa a bukukuwa da yawa can gabas, dogo ne mai tabo a kumatun hagu. Mai karatu, ka duba tsohuwar wayarka. In busarsa tana ciki, don Allah kada ka goge, ka kawo wa wannan mujalla. Ɗana ya ce zai koya.