Libarbar Kawu Chindo

Kawu Chindo, wan mahaifiyata, mai gyaran keke ne a Cadawa. Yana saurayi ya nemi aikin ɗan sanda, aka gwada tsawonsa aka ce ya koma gida. Bai taɓa sa kaki ba, amma ya tsufa da libarba biyar a ɗakinsa, ƙananan bindigogin nan masu juyawa da ƴan sandan zamanin da suke ratayawa a ƙugu.

Duk daga hannun magada ya same su. In tsohon ɗan sanda ya rasu aka zo rabon gado, wani lokaci sai a tarar da ita a ƙasan akwati, an shafe ta da man gyaɗa har ya daskare. Ba ta rabuwa, ba mai son ta kwana a ɗakinsa. Sai a aika wa Kawu. Yana kawo ta gida zai narka dalma ya toshe bakin, ya zare ƙarfen da ke bugun harsashi, sannan ya zauna wanki da kananzir.

Yana da yadda yake auna darajarsu. Sai ya dubi icen mariƙi, ya ga ko zufa ta baƙanta shi, ya ɗaga ta sama ya leƙa ciki. Wadda ta sha rataya ba ta sha wuta ba, ita ce babba. Ta wani Idrisa da ya yi aiki a Gazawa har ya tsufa bai harba ba, ita ke da sabon tsumma. Wadda aka ce ta taɓa karya ƙafar mutum kuwa, can gefe yake ajiye ta.

Da na zo hutu daga jami'a bara, na tarar gidan ba zama. Ƴan bindiga sun taɓa wani ƙauye wajen iyaka, an yi shela ranar kasuwa cewa duk mai makami ya kai wa hukuma, za a shiga gidaje bincike. Ɗansa Rashidu yana haya da moto, wato babur, kullum yana ratsa shingen bincike.

"Baba, in an same su a nan, ni za a fara ɗauka," in ji Rashidu. "Wa zai tsaya leƙen dalma?"

"Ai matattu ne."

"To ka bizne su mana."

Bizne su ɗin ne ya gagara. Ya sa su a rumbu, ya tuna da raɓa, ya fiddo. Ya tusa su a rufin ɗaki, kafin la'asar ya sauko da su. Ya haƙa rami a garken awaki, ya tsaya yana kallonsa, ya mayar da ƙasar. Kekunan mutane suna jingine a ƙofar gida babu mai taɓa su.

Matarsa Inna Indo tana tankaɗe ta ce, "Malam, ko kaza mai neman wurin ƙwai ba ta kai ka zarya ba. Da ni ka riƙa shafa wa mai haka, ai da ban tsufa ba."

Bai yi dariya ba. Ya saka su a buhun taki ya hau keke, wai zai mayar wa kowa kayansa. Matar Idrisa ta cikin zana ta ba shi amsa, ta ce ita ta yafe duniya da lahira. Wani gidan ko ruwa ba a ba shi ba. Ya dawo da buhun yadda ya tafi da shi.

Washegari da hantsi Rashidu bai dawo daga kai fasinja ba. Ashe taya ce ta fashe, amma kafin labarin ya iso Kawu ya fita bakin hanya ya dawo ban san sau nawa ba, hularsa a hannu. Da Rashidu ya shigo yana tura moton, Kawu bai ce masa sannu ba. Ya shiga ɗaki ya sako babbar riga, ya fito da buhun.

"Bari in sa taya in kai ka buron jandarma, Baba."

"Kai da wa? Kada a gan ka kusa da buhun nan. Zauna ka ci tuwo."

Ni na raka shi, ina biye a baya da ƙafa. A buro, wato ofishin jami'an tsaron, ya jera su bisa tebur, ya soma faɗin ta wane ce wannan, a wane gari ya yi aiki. Jandarman ya saurara har ƙarshe, ya leƙa bakin kowace, ya kwashe su zuwa ɗakin ciki.

Kawu ya tsaya yana kallon ƙofar. Daga baya ya tambaya ko yanzu sai an je gidansa. Aka ce masa babu bukata, ya je ya huta. Ya naɗe buhun ya soka a hammata, muka fito rana, yana sauri har da ƙyar nake cim masa.