Ranar da Iya Ta Yi Yajin Tatsuniya

Ina shekara takwas aka kawo kakata, Iya, birnin Landan don a yi mata aikin ido. Lokacin kuɗin mai ne, Baba yana likita a Marylebone. Murhunmu na gas ne, wutarsa shuɗiya, ba hayaƙi. Iya ta ce wuta marar ƙamshi ce, amma a gabanta take shimfiɗa buzunta bayan magariba.

Wata tsohuwa mai suna Gwen, 'yar Wales, tana zaune a hawan da ke ƙasan namu. Takan hawo da saƙarta ta zauna, ko da yake ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji.

Ran nan Iya ta buɗe da "Ga ta nan," sai na amsa mata da Turanci, don a makaranta an yi wa Hausata dariya. Ta ja bakinta ta rufe.

"Takwara, tatsuniya baƙuwa ce mai zuciya. In ba a yi mata maraba da harshenta ba, komawa take. Na daina."

Na fashe da kuka. Gwen ta tambayi dalili, na gaya mata. Ta ajiye saƙar. Ta ce a zamanin kakanta, yaron da ya yi yarensu na Wales a makaranta maimakon Turanci, katako ake rataya masa a wuya. Yanzu ɗanta yana cikin masu neman a rubuta yarensu a allunan hanya, a kuma ba su majalisar kansu. Dole na fassara wa Iya, da Hausata mai ɗingishi.

Iya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe Turawa ma Turawa sun mulke su?"

Ta sake buɗewa. Na amsa yadda ya kamata, da ƙarfi.

Labarin kurciya ta ba mu, wadda ta zauna a gidan jimina. Ana ba ta tsaba, amma an hana ta kukanta. Sai ta riƙa rera wa ƙwayayenta a hankali. Da guguwa ta tarwatsa tsuntsayen daji, kowa da kukan gidansu ya nemi danginsa. 'Ya'yan kurciya suka ji juna, suka taru, suka yi sheƙa a bishiyarsu.

"Faɗa wa ƙawata," in ji Iya, "kada ɗanta ya gaji."

Da ƙuruciya na ɗauka labarin tsuntsaye ne kawai. Sai da na girma na gane cewa mulkin kai a bakin murhu yake fara rarrafe. Bayan rasuwarsu duka biyu na hau jirgin ƙasa zuwa Wales. A tasha na ga allo da harsuna biyu, na gwada karanta na su Gwen a fili. Wani dattijo ya tsaya ya gyara mini, bai bar ni na wuce ba sai da na faɗa daidai.