Malam Sha'aibu ya rasu yana jiran gashin furoton

"Kafin ruwan farko ya sauka, Malam yana asibiti a ƙasar waje. Ku riƙe ni da wannan magana."

Kabiru, maganarka ce, kuma na riƙe ka. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Da safen nan ina cikin aji labari ya same ni: Malam Sha'aibu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mini Turanci a sakandare, daga baya muka koyar tare. Bayan ya yi ritaya shi ke jan salla a masallacin layinmu a nan Tudun Wada.

Littafin farko da na karanta don daɗi, shi ya ara mini. Na mayar da shi da tabon manja, ya ce ai alama ce an karanta.

Da maigidana ya rasu, kullum sai ya tsaya a ƙofar gida ya tambayi yara ko sun ci abinci. Bai taɓa shigowa ba, bai kuma taɓa fashi ba.

Kansar furostet ce ta kama shi, wadda mutane ke kira kansar mafitsara. Likitansa a nan Zariya ya ce a fara allura da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ba tare da jinkiri ba. Malam bai ji tsoron mutuwa ba. Abin da ya dame shi yoyon fitsari ne, don ya ji ana cewa magani kan bar wasu da shi. Ta yaya zai shige gaban mutane alhali bai amince da alwalarsa ba?

Ta wannan ƙofa Kabiru ya shigo. Tsohon ɗalibinsa ne, yanzu yana harkar kai marasa lafiya waje. Ya ce akwai wani gashi na zamani, furoton, da ke tsayawa cak a kan ciwon ba ya taɓa komai. Ya ce kada Malam ya bari a soma masa na nan, wai zai ɓata na can.

Ni kuwa na zauna na karanta. Gashin furoton gaskiya ne, ba ƙirƙira ba, kuma yana da amfani sosai a wasu ciwuka. Amma a kansar furostet ban ga inda likitoci suka tabbatar ya fi gashin zamani na yau da kullum ba, kuma shi ma yana iya taɓa fitsari da hanji. Ba a yin sa a ƙasar nan. Na rubuta haka a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, na tambayi sunan asibitin da sunan likitan da ya duba hotunan gwajin Malam.

Amsar da na samu ita ce wannan ciwon maza ne, bai kamata mace ta sa baki ba. Aka buɗe wani guruf ban da mata. Har 'yar Malam, wadda nas ce, ba a sa ta ba.

Kunya ta hana mu faɗin sunan ciwon, shi kuwa ciwon bai ji kunyar kowa ba, ya bi ƙashi.

Ganina da Malam na ƙarshe, yana kwance a zaure, rediyo a gefensa. Na ce, Malam, kai ka karantar da mu cewa mai irin wannan lalura yana da rangwame a salla. Ya yi dariya har da tari.

"Malama Binta, na san hukuncin. Karanta shi a littafi ya fi sauƙi. Kuma yaron ya ce in jira, na amsa masa."

Ya cika alkawarinsa. Kai fa, Kabiru?

Ban ce ka kashe shi ba, ajali na Allah ne. Tambaya nake yi. Wane asibiti ne? Wane likita ne ya ce kada a soma gashin nan? Me ya sa duk sanda aka matsa maka sai ka ce biza, ko ana gyaran injin?

Da na bar maganar sai bayan zaman makoki, amma a wurin gaisuwa ɗazu matar Baba Yohanna ta ja ni gefe. Shi ne malaminmu na lissafi, aminin Malam tun suna samari. Shi ma ciwon ne. Ta ce fasfo ɗinsa da hotunan gwajinsa suna hannunka, kuma ka ce masa ya dakata da zuwa asibiti.

To, ka saurara. Kana da daga yau zuwa ranar addu'ar bakwai. Ka mayar wa Baba Yohanna kayansa, ka zauna gaban iyalan Malam ka amsa tambayoyin nan. Idan aka shafa fatiha ban gan ka ba, ni da 'yar Malam za mu wuce ofishin 'yan sanda. Washegari kuma ni zan ɗauki Baba a motata in kai shi gaban likita, da hotunan ko babu. In likitan ne ya ce furoton, sai mu ji daga bakinsa.

Allah Ya gafarta wa Malam Sha'aibu, Ya karɓi sallolin da ya yi ta tsaron alwala dominsu, Ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da Baba Yohanna, shi yana da sauran lokaci.