Gaisuwar da na yanke

A ƙarshen shekarun casa'in ne ordinatar, wato kwamfuta, ta shigo biron da nake aiki, wato ofishinmu, a asibitin mishan na wajen Madawa. Ni ce sakatariya, don haka ni aka ɗora wa ita. Ƴaƴan Adar masu karatu a Yamai da Dakar da Abijan sun buɗe wani dandalin saƙonni da suke kira Zaure, abin da ɗaya ya rubuta kowa zai gani. Mu ma muka shiga. Nakan fitar da saƙonnin a takarda in manna a ƙofar biro. Mutanen Buza da Keita da Bangi da suka kawo marasa lafiya sai su tsaya a karanta musu, mai ɗa a can ya shigo ya faɗa mini in rubuta. Na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba.

Sai dai ta layin talho ake shiga, kiran kuma har Yamai yake zuwa, ga tsada. Shugaban asibitin, likita mai haƙuri amma marar magana biyu, ya ba mu minti goma sha biyar a rana. Ya ce in muka wuce zai cire wayar, don ba zai taɓa kuɗin magani saboda hira ba. Ita kuwa na'urar, wayyo nawa! Ta yi ta ƙara kamar zabuwar da aka kama, ta haɗu, ta katse, ta sake. Saƙonni na ɗigowa ɗai-ɗai, idona na kan agogo, ina zaginta a zuci duk da ina cikin mawaƙan coci.

Gaisuwa ce ta fi ci mini rai. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ina ruwa, ina mutan gida, kafin mutum ya kai ga abin da ya kawo shi ya cika rabin shafi. Ran da shugaba ya leƙo ya nuna mini agogonsa, ranar na yanke shawara ni kaɗai: duk saƙon da zai fita ta hannuna, ba gaisuwa.

Akwai wani dattijo manomi daga Dewule da ke zuwa duk wata karɓar maganin ido, ɗansa na karatun injiniya a Dakar. Ran nan ya shigo ba ni saƙo, ya zauna ya jingine sanda, ya gaida ɗan nasa, ya gaida malamansa, ya gaida mai gidan haya da bai taɓa gani ba, ya isar da gaisuwar uwa da ta gwaggo. Ina ta gyaɗa kai, hannuna bai taɓa komai ba. Abin da na aika shi ne: "Gero ya nuna. An sayar da bijimi. Ka kula da karatu."

Bayan kwana biyu ɗan ya rubuto yana tambaya, lafiya Baba kuwa? Na amsa masa da kalma ɗaya: "Lafiya." Har ina yabon kaina da iya tattali.

Ba a rufa mako biyu ba sai ga su a ƙofar birona, uba da ɗa. Ɗan ya rame, idanu jajur, kwana biyar yana hanya daga mota zuwa mota. Ya miƙo mini takardar saƙon da na aika ya ce, "Madam, tun da aka haife ni Baba bai taɓa yi mini magana ba gaisuwa ba. Ga bijimi an sayar. Na ce ko dai yana kwance ana ɓoye mini, ko ya yi fushi da ni."

Kunya ta rufe ni. Ni mai bakin da ko direban asibiti ke tsoro, sai ga ni na sassauta murya. Na faɗi gaskiya duka, har da maganar minti goma sha biyar da cire waya.

Ɗan ya zauna gaban ordinatar ya dudduba, ya kwashe da dariya. Ashe ba gaisuwa ke cinye lokacin ba. Ƴan Zaure ne in za su ba da amsa suke jawo duk tsofaffin saƙonni a ƙasa, saƙo ɗaya ya zo mana sau ashirin. Ya rubuta musu su daina, suka daina. Shugaba bai ƙara mana ko minti ɗaya ba, amma daga ranar ba mu sake wucewa ba, wayar kuma ta zauna.

Shi dattijon bai yi fushi ba, murnar ganin ɗansa ta ishe shi. Da za su tafi ya ɗauki sandarsa ya juyo.

"Ɗiyata," ya ce, "in lokacin ya sake yi miki kaɗan, ki yanke maganar gero da bijimi. Waɗannan in ya zo zai gani da idonsa. Gaisuwar ki bar mini ita, ita na zo aikawa."