Yari Mai Inji da Albasar Uwaisu

Yari ba ya riƙe usur. Abin da na fara lura da shi ke nan ranar da na tsaya a bakin filin ƙwallon unguwarmu a Wurno, bayan rasuwar ɗana Uwaisu. Ba kallon wasa ya kai ni ba. So nake in ga mutumin da yaron nan yake ambata kullum a gida, har mahaifiyarsa Habi takan tambaye shi ko Yari ne ya yanka masa ragon suna.

Sana'ar Yari gyaran injin ban ruwa. A Rimawa aka haife shi, ya yi wasan baya yana saurayi har gwiwarsa ta hagu ta gaza, sannan ya dawo Wurno ya kafa rumfa. Ya ba ni labarin cewa wata shekara mahaifinsa ya hana shi zuwa babban wasa a Goronyo, saboda ranar ta faɗo kan dashen albasa. Yana dasawa yana kuka. "Kuma tsoho bai yi laihi ba," in ji shi. "Hannu yaka bukata, ni kaɗai gare shi."

Da ya tara tasa ƙungiyar sai ya kafa doka ɗaya. Idan lokacin dashe ya zo, babu atisaye sai an yi gayya a lambun gidan kowane ɗan wasa, bi da bi. Kuma a lambu kowa matsayinsa na fili yake riƙewa. 'Yan gaba su cire iri, 'yan tsakiya su kai, 'yan baya su dasa. Mai tsaron gida yana can wajen inji, shi ke sakin ruwa fangali bayan fangali, domin shi ne ya saba ganin kowa daga baya. Iyayen da a da suke koro yara daga fili da sanda, yanzu su ke tambayar yaushe layi zai zo kansu.

Uwaisu ne mai tsaron gidansu. Kafin zazzaɓin da ya ɗauke shi, ya yafa irin albasa a ɗan lambun da na gada a bakin kogin Rima. Bayan an yi jana'iza na kasa taka wurin, kuma ban yarda ɗan ƙwadago ya taɓa abin da hannunsa ya shuka ba. Maƙwabcina ya gaya mini iri ya isa dashe, in aka ƙara barinsa zai tsufa, ba zai yi kai ba. Na ji, amma ban je ba.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Yari ne, da samarinsa a bayansa, kowa da fartanya.

"Malam, yau layin Uwaisu na."

"Koci, ai Uwaisu ya rasu."

"Allah shi jiƙan shi. Amma ya yi wa kowa aiki bana. Lambu nai na nan ko ba ya nan?"

"Yana nan. Ba yau kuke da wasa a Rabah ba?"

"Sai la'asar."

Bilyaminu, kyaftin ɗinsu, ya ce, "Koci, wallahi in munka duƙa dashe yau, 'yan Maikujera da za mu kara da su dama mu za su yi kamar fura."

"Ko ba ka duƙa ba suna dama ka, Bilya. Ƙahwarka ta hagu mi taka yi in ba rakiya ba?"

Aka kwashe da dariya, Bilyaminu ma ya yi. Na ɗauki hulata na bi su.

A lambu kowa ya kama wurinsa ba tare da an ce masa ba. 'Yan gaba suka fara cire iri suna tarawa. Wajen inji ne kawai babu kowa. Sale, wanda yake tsaron gida idan Uwaisu ba ya nan, ya tsaya nesa yana kallon ƙasa. Tun rasuwar ya ƙi shiga raga, kuma ga shi ya ƙi matsawa kusa da injin. Ba a dasawa a busasshen fangali. Irin da aka cire yana kwance a rana, ganyensa ya fara laushi.

Na dubi Yari. Ya zauna a kan kunya yana gyara igiyar takalminsa kamar babu abin da ke faruwa. Na matsa na ce masa a hankali, "Ba za ka yi masa magana ba? Irin zai mutu."

"In ni na hwaɗa mai, ni na sa shi. Bari su kira shi."

Jiran ya yi mini tsawo. Na kusa zuwa in ja igiyar da kaina, sai Bilyaminu ya miƙe daga inda yake tsugune ya ɗaga murya, "Gola! Ruwa!" Sauran suka ɗauka, "Gola, ruwa mana!" Sale ya share fuska da gefen rigarsa, ya taka zuwa inji, ya ja igiya. Ruwa ya biyo hanya. Can sai ga shi yana yi wa 'yan baya tsawa cewa sun bar gurbi a fangali na uku.

Kafin azahar an gama. Na shiga motarsu zuwa Rabah. An ci su biyu ba ko ɗaya, amma Sale ne a raga, kuma ya tare wasu da yawa. A hanyar dawowa na tambayi Yari zancen usur. Ya ce na alƙalin wasa ne, shi so yake su saba da muryar juna.

Yanzu ni ke ban ruwa da yamma idan na taso daga aiki. Albasar ta kama, ta miƙe kore shar, sai layi ɗaya a gefen gabas da ya fito a karkace. Na nuna wa Yari. Ya duba ya ce aikin Bilyaminu ne, da ƙafar hagu ya dasa.